Alvaro Gonzalez da yawon ƙungiyoyi: amsa ga mai tambayar ko ya iya ƙwallo

Wani ɗan'uwa ya tambaye ni game da Alvaro Gonzalez, ɗan bayan nan ɗan Sifaniya da ya yi rigima da Neymar. Ya ce ya duba tarihinsa ya ga daga Racing Santander sai Zaragoza, sai Espanyol, sai Villarreal, sai Marseille, sai ƙungiyoyi biyu a Saudiyya, har da Malesiya. Tambayarsa ita ce: in da mutumin nan ya iya ƙwallo, ai da ya zauna wuri ɗaya, ko Madrid ko Barca ta ɗauke shi, wannan yawon ba alamar kowa na gudunsa ba ne?

Ɗan'uwa, a'a. Na daɗe ina bin gasar Sifaniya, kuma 'yan baya su ne na fi zuba wa ido, saboda haka bari in faɗa maka yadda nake karanta tarihin irin wannan ɗan wasa. Yawan ƙungiyoyin da ɗan baya ya yi wa wasa ba ya gaya maka komai sai ka duba abu biyu: halin da ƙungiyar take ciki ranar da ta ɗauke shi, da wanda ta kawo ranar da ta sallame shi. In ka bi Alvaro da wannan ma'auni za ka ga abu guda yana ta maimaituwa. Ana ɗaukarsa lokacin da ake neman wanda zai toshe ɓaraka da kuɗi kaɗan, ya toshe, sannan ranar da kuɗi suka shigo ko wani yaro mai tsada ya taso, a ce masa an gode.

An haife shi ranar 8 ga Janairu, 1990, a Potes, wani ɗan ƙaramin gari cikin duwatsun yankin Cantabria a arewacin Sifaniya. Babbar ƙungiyar yankin ita ce Racing Santander, kuma a makarantarta ya tashi. Wanda ya fara kallon La Liga kwanan nan ba zai san nauyin Racing ba. A kakar 2007/08 ta ƙare ta shida ƙarƙashin koci Marcelino, ta shiga kofin UEFA, har ta doke Manchester City 3-1 a Disambar 2008. Sai dai lokacin da Alvaro ya samu shiga babbar tawaga, a ƙarshen kakar 2010/11, gidan ya riga ya fara tsagewa. Wani ɗan kasuwa daga Indiya, Ahsan Ali Syed, ya sayi ƙungiyar a farkon 2011 da manyan alkawura da ba su tabbata ba, kuma kafin bazarar shekarar ta wuce Racing ta miƙa kanta ga kotu saboda bashin da ta kasa biya. A irin wannan yanayi ne yaran gida ke samun dama, don babu kuɗin sayo kowa daga waje. Alvaro ya buga kakar 2011/12 a matsayin ɗan wasan farko, yana da shekara 21. An fara kakar da koci Hector Cuper, aka yi ta sauye-sauye, aka ƙare a ƙasan teburi da maki 27 da nasara huɗu kacal cikin wasa 38.

Ka yi tunanin abin da hakan ke nufi ga yaro ɗan baya. Ɗan gaba a ƙungiyar da ke faɗuwa yana iya cin ƙwallo goma ya fita da sunansa. Ɗan baya kuwa kowace ƙwallo da ta shiga raga da hotonsa a ciki, ko laifinsa ne ko ba laifinsa ba. Duk da haka wata ƙungiyar La Liga ta zo ta biya kuɗi ta ɗauke shi. Racing ba ta da zaɓi, ƙungiyar da ta faɗi ga bashi a wuya dole ta sayar da duk abin da ke da mai saye. Kuma in kana son sanin abin da ya tsere wa, Racing ta sake faɗuwa a 2013 zuwa rukuni na uku, sannan a Janairun 2014 'yan wasanta suka tsaya a tsakiyar fili suka rungumi juna suka ƙi buga wasan Copa del Rey da Real Sociedad saboda watanni ba albashi. Wa zai ce wa yaro ya zauna a nan don a kira shi mai amana?

Abin tausayin shi ne inda ya sauka bai fi inda ya baro lafiya ba. Real Zaragoza babbar ƙungiya ce a tarihi, magoya bayan Arsenal na da ba za su manta ƙwallon da Nayim, ɗan wasan Zaragoza, ya ɗaga musu daga kusan tsakiyar fili a wasan ƙarshe na kofin Cup Winners' Cup na Turai a 1995 ba. Amma a 2012 ita ma bashi ya yi mata katutu, magoya baya kullum suna zanga-zanga kan mai ƙungiyar, Agapito Iglesias. Kakar 2012/13 Zaragoza ta ƙare ta ƙarshe da maki 34. Faɗuwa biyu a jere ke nan ga Alvaro, kuma duka daga ƙasan teburi. A nan ne masu yanke hukunci da teburi kaɗai suke ɓata. A watan Yunin wannan shekara ta 2013, makonni kaɗan bayan faɗuwar, yana cikin tawagar koci Julen Lopetegui, wato tawagar Sifaniya ta 'yan ƙasa da shekara 21 da ta ci kofin Turai a Isra'ila. Dubi waɗanda ke layin baya tare da shi: Dani Carvajal, Nacho, Marc Bartra, Inigo Martinez, Martin Montoya, Alberto Moreno. A gaba akwai Thiago da Isco da Morata, a raga De Gea. Alvaro ba shi ne zaɓin farko ba, Bartra da Inigo ne, amma ba a shiga wannan jeri da alfarma. Masu aikin sun ga abin da teburi bai nuna ba.

Ya yi kaka guda a rukuni na biyu da Zaragoza, sannan Espanyol ta dawo da shi La Liga a 2014. Zaragoza kuwa ta shafe fiye da shekara goma ba ta dawo ba.

A Espanyol ne mutane suka fara sanin halinsa. Kakarsa ta farko ta yi kyau, tare da Hector Moreno ɗan Meziko a tsakiyar baya, suka ƙare na goma, suka kai wasan kusa da na ƙarshe a Copa del Rey inda Athletic Bilbao ta fitar da su. Da aka sayar da Moreno ga PSV a 2015 sai bayan ya buɗe. Real Madrid ta yi musu 6-0 har sau biyu a kaka ɗaya, Ronaldo ya ci biyar a na farko, uku a na biyu. Wannan ma darasi ne da nake yawan nanata wa yara masu koyon tsaron baya: lamba huɗu da lamba biyar, wato masu tsaron tsakiya biyu, kamar ɗan juma ne da ɗan jummai, in aka cire ɗaya, ɗayan ma sai ya koma kamar bai iya ba. A Janairun 2016 Espanyol da Barcelona sun haɗu sau uku cikin kwana goma sha biyu, wasanni masu zafi, kuma a cikinsu ne aka yi musayar kalaman da shi Alvaro ya ba da labari da bakinsa: ya ce wa Messi gajere ne, Messi ya mayar masa cewa shi kuma bai iya ƙwallo ba, daga baya ya ce ai dukansu biyu gaskiya suka faɗa. Wannan shi ne mutumin. Ba dogo ba ne a ma'aunin masu tsaron tsakiya, ba shi da gudun da za a yi labari, ƙafarsa wajen raba ƙwallo matsakaiciya ce. Abin da yake da shi sanin inda ƙwallo za ta faɗo, shiga gaban ɗan gaba kafin ya juya, magana da tsara abokan wasa, da kuma takalar abokin hamayya har ya fita hayyacinsa. Wannan na ƙarshen ya amfane shi, ya kuma ja masa abin da zan zo kansa.

Yadda ya je Villarreal shi ne ya fi fito da abin da nake nufi. A bazarar 2016 Villarreal ta sayar da Eric Bailly ga Manchester United a kan wajen fam miliyan 30. Ta juyo ta ɗauki Alvaro a ƙarshen Agusta a kan wajen Yuro miliyan 4. Haka ƙungiyoyin tsakiyar teburi suke rayuwa a Sifaniya, musamman tun daga 2013 da hukumar La Liga ta fara ƙayyade wa kowace ƙungiya iya abin da za ta kashe a albashi gwargwadon abin da take samu. Ka sayar da tsada, ka sayi wanda ya san gasar da araha, wanda ba sai an koya masa yare ko an jira ya saba ba. A kakar 2016/17 Villarreal ta ƙare ta biyar, ƙwallo 33 kaɗai aka zura mata, Atletico Madrid ce kawai ta fi ta tsare gida. Da Mateo Musacchio ya tafi AC Milan a 2017, Alvaro ya zama ginshiƙi tare da Victor Ruiz, suka sake ƙarewa na biyar. Wanda bai iya ba, ba ya zama ɗan wasan farko a ƙungiyar da ke zuwa gasar Turai shekara bayan shekara.

Amma zan yi masa adalci ta ɗaya ɓangaren ma, don akwai daren da ba na mantawa. Talata ce, 2 ga Afrilu, 2019, Villarreal na fafutukar kauce wa faɗuwa, Barcelona ta zo musu gida. Ina gidan kallo, ɗakin ya cika da 'yan Barca, janareta na ta ruri a waje. Cikin minti goma sha shida Coutinho da Malcom sun ci biyu, har wasu sun fara kiran mai shayi. Sai yaronmu Samuel Chukwueze ya rama ɗaya, ɗakin ya rabu biyu, don ko ɗan Barca sai da ya ji daɗin ganin ɗan Najeriya ya ci. Bayan hutu Toko Ekambi ɗan Kamaru ya farke, Iborra ya ƙara, Bacca ya ci ta huɗu a minti na 80. 4-2. Aka yi tsit. A minti na 86 Alvaro, wanda ya riga ya karɓi katin gargaɗi, ya sake shiga da ƙarfi, alkalin wasa ya ɗaga na biyu, ya fita. Na tuna wani dattijo a gefena, wanda ba ya goyon bayan kowa cikinsu, ya dafa gwiwata ya ce, "Malam, wasan nan bai ƙare ba." Messi ya ci bugun tazara a minti na 90, Suarez ya ɗirka ta huɗu a cikin ƙarin lokaci. 4-4. Ɗan baya mai shekara 29 da ke ɗauke da kati, ƙungiyarsa na gaba da ƙwallo biyu, saura minti huɗu, bai kamata ya kai ƙafa wurin ba. Zafin zuciyar da ke sa koci ya so shi, shi ne ya ci su maki biyu a daren. A ganina wannan na cikin abin da ya tsaya tsakaninsa da manyan ƙungiyoyi, inda ake son ɗan baya mai sanyin kai kamar yadda ake son mai ƙarfi.

Villarreal ta tsira, ta ƙare ta 14. A bazarar ta kawo Raul Albiol daga Napoli, ga Pau Torres, yaron gida, ya dawo daga aro a Malaga. Waɗannan biyun su ne suka ci kofin Europa a 2021. Ka ga wanda ya ture Alvaro: tsohon ɗan Real Madrid mai kofin duniya, da yaron da zai zama ɗan wasan tawagar ƙasa. Babu abin kunya a nan.

Marseille ta karɓe shi aro da sharaɗin saye, tsarin da ƙungiya ke amfani da shi in tana son ɗan wasa yau amma kuɗin sai a lissafin baɗi. Andoni Zubizarreta ne daraktan wasanni, Andre Villas-Boas koci, kuma ƙungiyar na ƙarƙashin sa idon UEFA kan kashe kuɗi. A nan ne Alvaro ya samu wurin da halinsa ya dace da shi. Magoya bayan Marseille ba sa yafe wa ɗan wasan da ba ya zufa, kuma suna ɗaukaka wanda ke faɗa saboda rigar. Shi da Duje Caleta-Car suka riƙe bayan, kuma lokacin da korona ta tsayar da gasar Faransa a Maris 2020 bayan wasa 28, Marseille ce ta biyu, ta koma gasar Zakarun Turai bayan shekaru ba ta je ba.

Sai ranar 13 ga Satumba, 2020, wadda ita ce ta sa kai ma ka san sunansa. Marseille ta je Paris ta doke PSG 1-0 da ƙwallon Florian Thauvin, karon farko da ta doke su tun 2011. A ƙarshen wasa aka kori mutum biyar: Neymar, Paredes da Kurzawa daga PSG, Benedetto da Amavi daga Marseille. Neymar ya mari ƙeyar Alvaro, kuma yana fita yana gaya wa alkalin gefe cewa an yi masa kalaman wariyar launin fata. Alvaro ya musanta. Kwamitin ladabtarwa na gasar ya bincika, a ƙarshen watan ya ce ba shi da gamsasshiyar hujja, bai hukunta kowa kan zargin ba. An dai dakatar da Di Maria wasa huɗu saboda tofa yawu wajen Alvaro. Ba na ɗaukar wannan magana da wasa, kuma ba na son mu baƙaƙen fata mu ɗauke ta da wasa. Rashin hujja a gaban kwamiti ba ya share zafin da Neymar ya nuna a fili, haka kuma zargi kaɗai ba ya isa a yanke wa mutum hukunci. Abin da zan iya cewa da tabbaci shi ne ɗan bayan da ya mayar da zagi da tsokana makaminsa ya buɗe ƙofar da irin wannan ke shigowa, kuma duk abin da Alvaro ya yi a shekara goma sha wani abu, wannan daren ne mutane da yawa suka riƙe. Shi ya sa ba na koya wa yara wannan salon.

Akwai wani abu da ya faru bayan wata huɗu wanda ba a cika faɗa ba. Ranar 30 ga Janairu, 2021, ɗaruruwan magoya baya da suka fusata da shugaban ƙungiyar, Jacques-Henri Eyraud, suka kutsa filin atisayen Marseille da wuta da tartsatsi, har aka ɗage wasansu da Rennes. Alvaro na cikin 'yan wasan da suka fito don yi musu magana, aka jefe shi da wani abu a baya. Baƙo ne da bai cika shekara biyu a garin ba, amma ya fito. A bazarar aka tsawaita masa kwantiragi zuwa 2024.

Kafin shekara ta zagayo ya zama ba a ko sa shi a benci. Sabon koci Jorge Sampaoli ya zo da salon da ke son 'yan baya su fara gina wasa daga raga, su tsaya can sama kusa da tsakiyar fili, su iya tsere da ɗan gaba in an jefa ƙwallo bayansu. Duk abubuwan da Alvaro bai fi ƙarfi a kai ba ke nan. Ga William Saliba ya zo aro daga Arsenal yana da shekara 20, ya buga kakar da aka zaɓe shi gwarzon matashin ɗan wasan gasar. Daga farkon 2022 aka ajiye Alvaro gefe, dangantaka da shugabanni ta yi tsami, a Agusta aka raba gari. Mutumin bai manta ƙwallo cikin wata shida ba, koci ne ya canza tambayar da ake yi wa ɗan baya. 'Yan Arsenal da ke kallon Saliba yau sun san irin wanda ya karɓe masa wuri.

Sauran labarin gajere ne, kuma zanen bai canza ba. Al-Nassr ta Riyad ta ɗauke shi a 2022 ƙarƙashin Rudi Garcia, ya tarar da Vincent Aboubakar da Talisca da Ospina. A ƙarshen Disamba Ronaldo ya sa hannu, mutumin da ya taɓa zura wa Espanyol ɗinsa takwas a kaka guda ya zama kyaftin ɗinsa. Suka ƙare na biyu bayan Al-Ittihad. A bazarar 2023 asusun zuba jarin gwamnatin Saudiyya ya karɓi manyan ƙungiyoyi huɗu, Al-Nassr ta kawo Sadio Mane da Brozovic da Aymeric Laporte daga Manchester City, alhali a lokacin gurbin baƙi takwas ne kacal. Alvaro ya sauka rukuni na biyu, ya koma Al-Qadsiah ta birnin Khobar wadda kamfanin Aramco ya karɓa, suka ci gasar 2023/24 suka hau sama. Suna hawa suka kawo Aubameyang, suka kawo Nacho daga Real Madrid da kofin Zakarun Turai a hannunsa, abokin tawagarsa na 2013. Daga nan Alvaro ya nufi Johor Darul Ta'zim ta Malesiya.

Game da Madrid da Barca da ka ambata, ka tuna zamanin da ya taso. Sergio Ramos da Pique sun riƙe tsakiyar bayan Sifaniya shekaru da dama, a bayansu ga Albiol, ga Javi Martinez, ga Nacho da Inigo da Bartra suna jiran layi. Alvaro bai taɓa buga wa babbar tawagar ƙasar ba, kuma ban ga an zalunce shi ba, waɗancan sun fi shi. Amma tsakanin "bai kai Ramos ba" da "bai iya ba" akwai fili mai faɗi, kuma a cikinsa ne mafi yawan ƙwararrun 'yan ƙwallo suke cin abincinsu. La Liga ƙungiya ashirin ce, wato gurbi arba'in ne kawai na masu tsaron tsakiya a kowane mako, ana takararsu da 'yan Ajantina da Brazil da Faransa da Afirka. Alvaro ya riƙe ɗaya daga cikin waɗannan gurabe kaka bakwai, a ƙungiyoyi huɗu, ƙarƙashin kociyoyi da yawa masu ra'ayi daban-daban, kuma kusan kowannensu ya sa shi cikin sha ɗayan farko.

In ka sake cin karo da ɗan baya mai dogon jerin ƙungiyoyi, kada ka tsaya a ƙirga sunayen. Duba wasa nawa ya buga a kowace kaka. Wanda ake gudu za ka ga wasa shida nan, tara can, aro bayan aro, ana raba gari a Janairu. Na Alvaro daga 2011 zuwa 2021 akasarinsu kaka ce cikakkiya, kuma ban da shekarar farko a Racing, bai bar wata ƙungiya a Turai ba sai da ya yi mata aƙalla shekara biyu: biyu a Zaragoza, biyu a Espanyol, uku a Villarreal, uku a Marseille.